Tambayi Injiniya: A biya dan kwangila da yawan kwalta ko da lafiyar hanya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haduwa. Wannan karon kusan duk sakonnin da suka shigo kan hanya ne, ba mamaki tunda damina ta yi nisa kuma kowa ya san yadda titunan Zariya ke komawa in watan Agusta ya kama. Da yawa abu daya suke tambaya, wato tsarin kwangilar nan da ake biyan kamfani bisa lafiyar hanya maimakon yawan aikin da ya ce ya yi. Na tsinci guda shida, wasu na rage musu tsawo saboda wuri, masu su a yi hakuri.

Daga wani malamin makaranta, Tudun Wada:

Injiniya barka da aiki. Don Allah warware min wani abu da ya dade yana damuna. Titin da nake bi zuwa makaranta duk shekara sai an zo an yi masa faci, a zuba kwalta a daddanna a tafi, ruwa biyu uku sai ramin ya dawo daidai inda yake har ya fi na da girma. Wani abokina ya ce akwai kasashen da ba a biyan dan kwangila sai in hanya ta zauna lafiya. Da gaske ne ko dai labarin teburin mai shayi ne?

Malam da gaske ne. Amma bari mu fara da tsarin da muka saba tukuna, don sai ka gane shi za ka gane abin da ke dawo da ramin naka.

Yadda ake ba da kwangilar hanya a nan, lissafin kaya ake rubutawa dalla-dalla, jar kasa kaza, tsakuwa kaza, kwalta mai kauri kaza a fili kaza, kwalbati guda kaza, kowanne da farashinsa a gefe. Dan kwangila ya yi, injiniyan gwamnati ya zo ya auna ya sa hannu a satifiket, a biya. Akan rike dan wani abu, yawanci kashi 5 cikin dari, har a cika wata 12 a ga ko aikin zai nuna aibu, daga nan a sallame shi, ko hanyar ta rabe biyu washegari ba ruwansa. Toh ka duba da kyau, me ke kawo wa dan kwangila kudi a nan? Yawan aiki. Rami ya dawo, sabon aiki ya samu kenan. Ba wai ina cewa duk 'yan kwangila mugaye ba ne, wallahi akwai masu tsoron Allah a cikinsu, sai dai tsarin kansa ba ya saka wa mai inganci da komai, shi da mai ha'inci farashinsu daya. Duk wanda ya taba daukar 'yan kwadago a gona yana biyansu da kunya ya san abin da nake nufi, in ba ka tsaya a kansu ba sai su rufe ciyawa da kasa su wuce, kwana hudu ta sake tsirowa su kam sun soke kudinsu a aljihu.

Shi wancan tsarin da abokinka ya fada maka, gwamnati ba ta sayen tifar tsakuwa ko tan din kwalta, hanya mai lafiya take saya. Sai a damka wa kamfani hanya sukutum, a ce kilomita 80 ko 100, na tsawon shekara 5 zuwa 10, a ce masa ka fara gyara ta ta kai matsayi kaza, wannan za a biya ka kashi-kashi yadda ka kammala, daga nan kuma duk wata kana da kudi tsayayye a kan kowace kilomita muddin hanyar tana nan a matsayin da aka yi yarjejeniya. Aka zo dubawa aka tarar da rami ko kwalbati a toshe, a zaftare maka wani abu a kudin watan. Ba wanda zai tambaye ka buhun siminti nawa ka kashe. Ka kashe kadan hanya ta yi kyau ribarka ce, ka yi algus ta fashe a damina ta biyu kai za ka sake ta da kudinka.

Yanzu mu dawo kan raminka. Facin kirki ga yadda yake: a yanka wurin da inji ya fita kusurwa hudu har a kai inda kwaltar ke da karfi, a kwashe duk rubabbiyar kasar da ruwa ya jika a karkashi, a bari wurin ya bushe, a zuba tsakuwa a danne ta hawa-hawa ba a lokaci daya ba, a fesa bakin man nan mai danko a kasa da gefe-gefe, sannan a kawo kwalta da zafinta a bi da rola har ta yi daidai da sauran titin. Abin da ka gani kuwa na tabbata shi ne an zo da kwalta ta riga ta huce a bayan mota, an share ramin da tsintsiya ko ma ba a share ba, da danshinsa da komai aka juye aka bubbuga da bayan shebur. Kuma ko an yi facin kirki, je ka leka kwatar da ke gefen wurin, zan iya rantsuwa a cike take da yashi da ledar fiya wata. Ruwa ya rasa hanyar wucewa sai ya kwanta a gefen titi ya rika tsotsewa zuwa karkashi, kasa ta yi laushi, mota ta taka, kwalta ta tsage, shikenan. Kamfanin da ya san zai zauna da wannan titin shekara 7 ba sai an roke shi ba, tun watan Afrilu kafin ruwan farko zai turo leburori su yashe kwatar, don yasar kwata ita ce aiki mafi araha da zai hana shi asara. A tsohon tsari kuwa wa zai nemi kwangilar yasar kwata? Ba kudi a ciki, ba kuma a yanka mata kintinkiri a dauki hoto.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan kasashe masu tasowa 85, ya nuna an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 wanda da an kashe kamar biliyan 12 wajen kula da su a kan lokaci da ba a yi asarar ba.

Daga wani direban bas, layin Zariya zuwa Funtuwa:

Oga injiniya, ni ba boko ne da ni sosai ba amma hanya kam na san ta, shokozoba nawa na canza ban san iyaka ba. Na ji bayanin a rediyo. Tambayata daya, WA zai ce hanya ta yi kyau? Don mu a nan in an ce an je dubawa mun san fassararsa, a zauna a ofis a sa hannu a raba.

Direba ka taba inda ke da ciwo, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa wannan tsarin yana maganin cin hanci ba. Ba ya yi. Amma akwai wani bambanci da nake so ka rike.

Da farko ba a barin maganar a "ta yi kyau" ko "ba ta yi ba". Komai a rubuce yake da lamba a takardar kwangila, kuma kowace kwangila da nata ma'aunin. Misali za a iya rubuta cewa kada a samu ramin da ya wuce fadin kaza, in ya bullo a rufe shi cikin kwana kaza, tsagewar kwalta a like ta kafin wata ya zagayo, kwalbati kada yashi ya cinye fiye da kashi kaza na bakinsa, ciyawar gefen hanya kada ta yi tsawon da za ta boye maka kwana ko alama, allunan hanya da farin fenti su rika ganuwa da dare, mota ta mutu ko itace ya fadi a tsakiyar titi a janye cikin awa kaza. Sai kuma santsin hanyar gaba daya, wanda ake aunawa da mota mai na'ura, tana tafiya tana kirga girgiza, ana ba da sakamakon da mita a kowace kilomita. Sabuwar kwalta mai kyau tana zuwa wajen 2 ko kasa da haka, in ta haura 5 ko 6 kai da kanka za ka ji a sitiyari da kugunka. A hanyar burji kuma akan duba gudun da karamar mota za ta iya yi ba tare da wahala ba, da kuma ko hanyar ta yanke a damina, kwana nawa ta yi a yanke.

Shi kamfanin dole yana da nasa ma'aikatan da ke zagayawa suna rubuta rahoto, sannan duk wata a fita tare da injiniyan da ke sa ido, wanda a ka'ida kamfani ne mai zaman kansa ba ma'aikacin da ke jiran albashi ba, ga kuma ziyarar ba-zata. An ga laifi a rubuta a ba da wa'adi, wa'adi ya wuce ba a gyara ba tarar ta rika karuwa, in abin ya ki ci ya ki cinyewa a kwace kwangilar a taba kudin garantin da banki ya tsaya masa.

Toh ga bambancin. A tsohon tsari satar a karkashin kwalta take. An rubuta kauri santimita 5 an zuba 3, an rubuta tsakuwa an cika da jar kasa, kai direba ina za ka sani? Sai an kawo inji an huda titi an ciro samfur an kai dakin gwaji. A sabon tsarin abin da ake biya a kansa a fili yake, rami ne, ko yana nan ko ba ya nan, dan acaba ma da wayarsa zai dauki hoto da kwanan wata. Injiniyan da ya sa hannu cewa babu rami alhali ga hoto yana yawo a Facebook ya san ya daura wa kansa. Shi ya sa ni a ganina duk kwangilar irin wannan da ba a kafa allo a bakin hanya an rubuta sunan kamfani da wa'adin rufe rami da lambar wayar korafi ba, an cire mata rabin karfinta. Ku 'yan kungiyar direbobi ku ne ya kamata ku fi kowa matsawa a kan wannan, kuna bin hanyar safe da yamma fiye da kowane injiniya. Masu awo kuma ba sai an dauko daga Legas ba, ga sashen injiniyan gine-gine na ABU a Samaru, ga cibiyar NITT ta harkar sufuri a hanyar Basawa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, duk a garin nan.

Daga wata daliba, Kongo:

Salam. An taba gwada shi a wani wuri ya yi aiki, ko a takarda kawai yake? Kuma mu a Najeriya fa?

An gwada sosai 'yata. Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya fara mika kula da hanyoyinsa ga kamfanoni tun 1988. A shekarun 1990 Ajantina ta shigo da nata salon na kwangilar shekara 5 da ke hade gyara da kulawa, makwabciyarta Yurugwai ta bi sahu, Niyu Zilan kuma ta rika ba da na shekara 10. Wani nazari na Bankin Duniya a 2005 ya kawo rahoton ragin kudi daga kashi 10 har zuwa 40 cikin dari a kasashe daban-daban, amma kar ki dauki wannan lambar ki dora mana kai tsaye, yawancinsu kasashe ne da gwamnati ke biya a kan lokaci kuma suna da bayanan kowace hanya a ajiye.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Chadi, nan makwabta, da suka gwada a 2001 a kan hanyar burji mai tsawon kilomita 400 da wani abu. Laberiya ma ta yi amfani da kwangilar shekara 10 a hanyar da ta tashi daga Monrobiya ta bi ta Banga zuwa iyakar Gini.

Mu kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, a jihar Kadunan nan aka gwada. Shirin RAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ya amince da shi a 2008, kashinsa na farko a jihar Kaduna aka yi, kuma da irin wannan kwangilar aka ba da hanyoyin. Matsalar shirin da ya zo da kudin waje ita ce ranar da kudin suka kare, daga nan sai kula da hanyar ya koma kan kasafin jiha, a nan ne ake gane ko an koyi tsarin ko aron sa aka yi.

In da za a tambaye ni inda ya fi dacewa a fara yanzu, sai in ce babban titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano. An ba Julius Berger aikin hanyar Abuja zuwa Kano a karshen 2017, kilomita 375 ko kusa da haka, bangaren Kaduna zuwa Zariya ya kammala muna hawa muna jin dadi. Hanyar da take sabuwa ita ce ta fi saukin bayarwa a wannan tsarin, don kamfani ya san abin da ke karkashinta, ba zai sa farashin tsoro ba. In aka bari sai ta fara farfashewa kamar yadda aka bar ta farko ta lalace, toh mun koma gidan jiya.

Daga wani dan kwangila, Sabon Gari:

Injiniya ina gaisuwa. Ni karamin dan kwangila ne, gireda daya gare ni da tifa biyu, rola ma haya nake daukowa. Gaskiya wannan abu tsoro yake ba ni. Yanzu ma da ake biya bisa satifiket sai ka yi shekara kana zarya a ma'aikata kudinka ba su fito ba, ina ga an ce duk wata? Sannan farashin da na sa yau, bayan shekara 5 me zai saya? Ba wata dabara ba ce ta kore mu a bar wa manyan kamfanoni?

Alhaji tsoronka yana kan hanya, kuma duk wanda ke tallan wannan tsarin bai amsa tambayoyin nan naka ba toh talla kawai yake yi.

Maganar biya ita ce gaba da komai. A nan gizo ke saka. Gwamnatin da ke son ta zaftare wa dan kwangila kudi saboda ya makara kwana 7 wajen rufe rami, ita ma dole ta yarda a ci ta tara in ta makara wajen biya. In aka yi wata 4 ba a biya ba kamfani zai janye leburorinsa, ramuka su fito, injiniya ba shi da bakin rubuta tara tunda ya san ba a biya ba, shikenan kwangilar ta mutu a tsaye ko da takardar tana nan. Kuma kasafin kudinmu na shekara-shekara ne, kwangilar kuwa ta shekara 7 ce ko 10, za ta ratsa zabe daya ko biyu, sabon gwamna ya zo ya ce shi bai san zancen ba. Kasashe irin su Gana da Kenya da Tanzaniya suna da asusun hanya na musamman da ake tarawa daga harajin mai, ba ya jiran kasafi. Mu ma a takarda muna da makamancinsa, an kafa FERMA, hukumar kula da hanyoyin tarayya, a 2002, gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin dari na kudin fetur da dizal don kula da hanyoyi, kashi 40 na FERMA 60 na jihohi, amma aka yi shekara da shekaru ba a aiwatar ba. Ni shawarata ga duk dan kwangila, kar ka sa hannu sai ka ga inda kudin watan ke fitowa, ko asusu na daban da aka ajiye kudin wasu watanni a gaba, ko umarnin cirewa kai tsaye da ba ya bi ta teburin kowa.

Na biyu farashi. Ka tuna 2023, an cire tallafin mai a karshen watan Mayu, a watan Yuni aka saki naira, bakin man kwalta kuma daga waje ake shigo da shi, dizal ya tashi, siminti ya tashi, zuwa karshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin dari, ruwan bashin banki kuma ba a magana tunda na Babban Banki kansa ya kai 27.5. Wanda ya sa tsayayyen farashi a 2022 na shekara 7 ba tare da sharadin daidaitawa ba ai ya gama yawo. Kwangilar kirki tana zuwa da lissafin daidaita farashi, a ware kason dizal, na kwalta, na siminti, na albashin lebura, kowanne a daure shi da alkaluman hukuma, in sun hau kudin wata ya hau, in sun sauka ya sauka. Babu wannan sharadin, ka ba su takardarsu ka yi gaba.

Na uku, eh, manyan kamfanoni sun fi samun babbar kwangilar, don tana son jari da injiniyoyin da za su iya hasashen yadda hanya za ta kasance nan da shekara 5. Amma babban kamfani ba zai kawo ma'aikata daga hedikwatarsa su yanke ciyawa a Giwa ko su yashe kwalbati a Soba ba, asara ce gare shi, dole ya nemi na gida, kuma ana iya rubuta masa a takarda cewa kaso kaza na aikin na kananan 'yan kwangilar yankin ne. Ban da haka hanyoyin burji na karkara ana iya yanka su kanana, kilomita 20 ko 30 na shekara 2 ko 3, daidai karfin mai gireda daya. A kasar Peru har kungiyoyin mutanen kauye aka rika ba irin wannan aikin na yau da kullum ana biyansu duk wata bisa yanayin hanyar. Kuma ka duba wani abu Alhaji, kudi kadan da ke shigowa duk wata shekara 3 a jere sun fi babbar kwangila daya da za ka samu yau ka yi shekara biyu gireda tana tsatsa a kofar gida. In har ana biya fa.

Daga wani dalibin injiniya, Samaru:

Sir, idan tireloli masu lodin da ya wuce kima suka kashe hanyar, ko ambaliya ta tafi da gada, shi ma kamfanin za a zaftare wa?

Ambaliya da makamantanta a'a. Ana ware wani kudi daban na aikin gaggawa, in kogunan Galma ko Kubanni suka yi cikar da ta wuce misali suka yanke hanya, injiniya zai ba da umarni a yi aikin a biya shi da awo kamar tsohon tsari. Sai dai a kula, in kwalbati ne ya toshe saboda ba a yashe ba ruwa ya haura ya cinye titi, wannan ba gaggawa ba ce sakaci ne, a wuyan kamfani yake. Rigima da yawa a nan take tashi, shi ya sa ake son a fayyace tun farko.

Lodi kuwa, tunda kai dalibi ne ka san gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, wanda ya nuna barnar da aksil din mota, wato sandar karfen da ke rike da tayoyin hagu da dama, ke yi wa titi ba daidai da nauyinsa take karuwa ba, in ka ninka nauyi sau 2 barnar tana ninkuwa wajen sau 16. Ka'idar ECOWAS ta sa iyakar tan 11.5 a aksil daya mai jan mota. Yanzu tsaya a gadar Kwangila da yamma ka kalli tirelolin siminti da na taki da na masara da ke wucewa, wasu har sun karkace, ka kiyasta da kanka. Kamfani ba shi da ikon kama direba, don haka ko dai gwamnati ta dauki nauyin sa sikeli ta kuma hukunta, ko a ba kamfanin damar gudanar da sikelin tare da jami'an tsaro, ko a rubuta cewa in yawan manyan motoci ya wuce abin da aka kiyasta za a sake duba farashi. In ba a yi ko daya ba kamfani zai lissafa barnar ya zuba ta cikin farashinsa tun farko, mu masu biyan haraji mu biya wa mai tirela. Tun da aka rushe tol get a zamanin Obasanjo wajen 2004 ba mu sake samun tsayayyen wurin tare manyan motoci a auna su yadda ya kamata ba. Ga kuma tankokin da ke kwana a kafadar titi a Tafa da Mararrabar Jos suna zubar da dizal, shi dizal narkar da kwalta yake yi.

Daga wata Hajiya, Gyallesu:

Injiniya mu namu layin unguwa ne ba babban titi ba, kwata ta cika ruwa har cikin zaure. Wannan tsarin zai iso mu? Kuma wa za mu kai wa kuka?

Hajiya ina gaisuwa, Allah ya kawo sauki. Zai iya isowa, don ba dole sai doguwar hanya daya ba, ana iya hada titunan yanki guda, a ce Gyallesu da Tudun Wada da Kongo, a ba kamfani daya ya rike su da kwatocinsu. A cikin gari ma kusan rabin aikin kwata ce da shara. Sai dai a nan sai an hada da masu unguwa, don in kamfani ya yashe yau gobe aka juye shara a ciki ko wani ya toshe ta da siminti don motarsa ta samu shiga gida, ba adalci a zaftare masa.

Wajen kai kuka kuma ku fara gano mai hanyar. Manyan hanyoyin da suka hada jihohi, irin ta Kano da ta Funtuwa zuwa Sakkwato da ta Pambeguwa, na tarayya ne, FERMA da ma'aikatar ayyuka ta tarayya ke da su. Titunan jiha na hukumar KADRA ne. Layukan unguwa yawanci na karamar hukuma ne, ku naku Zariya, na tsallaken Kubanni kuma Sabon Gari. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da limami da kungiyar matasa, ku makala hotuna da kwanan wata, ku kai kwafi biyu a buga muku hatimin karba a daya ku rike. In an taba ba da kwangilar layin, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba da damar neman takardun a hukumomin tarayya cikin kwana 7, jihar Kaduna kuma tana da hukumar kula da sayayya ta KADPPA da za ku iya tuntuba kan kwangilolin jiha. Ku tambayi sunan kamfanin, ranar da aka mika aikin, da ko wata 12 na garanti sun cika. In ba su cika ba gyaran a kansa yake, kyauta, kuma kudinsa na kashi 5 suna hannun gwamnati har yanzu.

Masu tambaya kan titin kankare da na kwalta wanne ya fi, na ga sakonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.